Allon Darar Baba Isuhu da Ƙuri'ar Waya

Kai, ajiye gizagon nan tun bai raba ka da babban yatsanka ba. Ku samarin yanzu haka kuke, da kun ga abu a hannun tsoho sai ku ɗauka banza ne. Jiya da kunnena na ji ɗayanku yana cewa wai allon dara me ke cikinsa, katako ne da ramuka talatin, shi ma in ya zauna kafin la'asar ya gama. To madalla. Ga icce can a jingine, ga kurfin fafewa, bismilla. Amma kafin ka ɓata mini icce ku zauna ku ji, tunda yau ba kasuwa ba ce, ku ma na ga ba inda za ku.

Ni Habu, nan Matameye aka haife ni, kuma da sassaƙa na ci na sha tun ina ɗan saurayi. Wurin ƙanen mahaifiyata na koya, Kawu Mamman, Allah ya ji ƙansa. Mutum ne da ba ya bayani. Na daɗe a rumfarsa ban taɓa gizago ba, aikina jan icce da shara. Sai ya ɗauko gungume ya ƙwanƙwasa shi da bayan gatari, ya dube ni ya ce, "Me ya ce maka?" In na ce ban ji komai ba, sai ya ce, "To je ka ɗebo ruwa." A haka kunne ya buɗe. Icce mai rami a ciki da nasa amon, wanda gara ta shiga da nasa, ɗanye kuma ba ya amsawa sam. Sai da na iya rarrabe su sannan ya miƙo mini gizago, shi ma tsoho wanda bakinsa ya cinye.

Turmin farko da ya bar ni na fafe na ƙirya ne, na wata mai dakau a bayan tasha. Ƙirya ita ce ta turmi, tana jure duka. Aduwa ta allon malamai ce, fuskarta tana karɓar tawada tana kuma wankuwa. Gawo ba ma taɓa shi, na gona ne, ko ka taɓa ma ma'aikatan gandun daji ba za su bar ka ka kwana gida ba. Matar nan ta zo, ko sannu ba ta ce mini ba. Ta kifa turmin ta bugi gindinsa da tafin hannu, ta tayar da shi ta zura hannu ta shafa cikinsa. Sai ta ce wa Kawu, "Wannan ba hannunka ba ne."

Kawu ya ce, "Yana da aibi?"

Ta ce, "Babu. Amma ba hannunka ba ne."

Ta ɗora a ka ta tafi. Masu sayen kayanmu haka suke, ba a ruɗinsu da daɗin baki. Manomi zai riƙe ƙotar hauya ya yi kamar yana noma a tsakiyar kasuwa, malami zai ɗaga allo ya duba shi a rana, tsohuwa za ta zauna a kujera ta yi ta jujjuyawa tana ɓata fuska, alhali ta riga ta yanke shawarar saye.

Shekarar da ta fi ba ni wuya ita ce shekarar fara. Kawu ya rasu, rumfa ta dawo hannuna, sai fara ta sauka ta share gero tun yana tsaye. Wa zai sayi turmi babu abin dakawa? Kasuwa ta ci ta watse, ni da turamena muna kallon juna. Maza suka watse, wasu Kano, wasu arewa, waɗanda suka rage kuma suka koma gindin itatuwa suna dara a ƙasa don su manta da ciki. Har na fara tunanin in sayar da kayan aikin in bi mota.

A cikin wannan hali ne wata ranar kasuwa amalanke ya tsaya a bakin rumfar nan. Wani saurayi mai suna Rabe ya sauko da ubansa, yana riƙe da hannunsa. Ina ganin tsohon na miƙe tsaye, don duk wanda ya taɓa tsugunawa gaban dara a ƙasar Kance ya san Baba Isuhu na Tsauni. Ba a cinye shi. Direbobin Damagaram sukan kashe mota musamman don su gwada shi, su tafi da kunya. Abin da ban sani ba sai ranar shi ne idonsa ya tafi gaba ɗaya.

Ya ce, "Kai ne Habu na Mamman?"

Na ce, "Ni ne, Baba."

Ya ce, "Ina son dara wadda hannu zai gani. A ƙasa in na laluba sai in rushe gurabe, yara su yi ta gyarawa suna ba ni haƙuri. Na gaji da a ba ni haƙuri."

Ga waɗanda ba su san wasan ba a cikinku, don na san akwai masu kallo kawai su yi ihu: gurabe talatin ne, kowa da ƴaƴa goma sha biyu. A zuba su ɗaya bayan ɗaya, sannan a fara tafiya gurbi guda guda. Wanda ya jera uku ya ci ɗan abokin wasansa. Shi ke nan dokar, amma mutum zai tsufa bai ga ƙarshenta ba.

Na ɗauko guntun ƙiryar da na ajiye don turmi na tsaga shi. Na fafe kowane gurbi zurfin gaɓar yatsa, don ɗa ya zauna daram ko an shafa shi. Tsakanin gurbi da gurbi na bar ɗan tudu, don yatsa ya san ya ƙetare. Ƴaƴan kuma na yi su iri biyu, na gefe ɗaya masu mulmulallen kai, na ɗaya gefen masu tsaga a ka. Na goge da yashi da tsumma har hannuna ya yi jawur, na shafe da man gyaɗa, na ajiye a inuwa ya sha. Da kasuwa ta zagayo ya dawo, na ɗora masa a cinya ina jin kaina. Ya bi shi da tafin hannu sau ɗaya, ya ce, "Gurbi na uku a layi na biyu ya fi ƴan'uwansa faɗi."

Na ce a raina tsohon nan neman magana yake. Na karya tsinke na auna. Wallahi ya fi su, da abin da bai kai kaurin ƙwayar gero ba. Ni mai ido biyu na fafe shi ban gani ba. Na sake wani allon daga farko, kuma tun ranar ban ƙara auna gurbi da ido ba, rufe ido nake yi in bi da yatsa.

Allon nan shi ya tsayar da ni a garin nan. Duk inda Baba Isuhu ya zauna da shi sai an tambayi wa ya yi. Masu shaguna suka fara aikowa, direbobi suka fara ɗauka suna kaiwa garuruwa, har aka wayi gari dara ta fi turmi kawo mini abinci. Kuma tunda ni nake sassaƙa allon, sai aka ɗora mini raba gardama, duk wasan da ya rikice a ce a kira Habu.

Amma ku bar zancen allon, ku ji yadda yake wasa, don ni har gobe abin bai daina ba ni mamaki ba. In abokin wasansa ya tafi da ɗa, sai Baba ya ɗora hannu biyu ya shafa allon gaba ɗaya, a hankali, kamar mace tana tsintar wake. Ba ya ture ko ɗaya. Sai ya janye hannu ya zauna shiru, kansa a ɗage. Can sai ka ga yatsa biyu sun tafi kai tsaye sun ɗauki ɗa, ba lalube, ba kuskure. Na sha ganin ya ce wa mutum, "Kar ka tafi da wancan, za ka yi kuka," tun mutumin bai miƙa hannu ba. Na tambaye shi yadda yake sani, ya ce numfashin mutum yana canzawa in ya hango abin da yake zaton ci ne. Tsigar jikina takan tashi in ina kallo, kuma ba ni kaɗai ba.

Akwai al'adarmu ta ƴan dara da ya kamata ku riƙe, don a kanta maganar ta juya. Babba shi ke fara zuba ɗa. In gardama ta tashi kuma, ba mai buɗe baki ya yanke hukunci sai mafi tsufa a wurin ya yi magana, sannan mai bi masa, a haka har a sauko. Kuma a iya sanina, abin da babba ya faɗa shi ake bi. Ba a rubuce take ba, amma ko yaro ya san ta.

To, shekarun nan na baya samari suka kafa ƙungiya, suka fara haɗa gasa bayan kaka, Matameye da Tsauni da Dawce da ƙauyukan kewaye. Abu ya yi kyau, sai wata mummunar ɗabi'a ta shigo. Mutum zai ɗaga ɗa, ya saci kallon fuskar abokin wasansa, in ya ga ya yi murmushi sai ya mayar ya ce ai gyara masa zama yake yi. Wani ma garin mayarwa sai ɗan ya sauka a gurbin da ba nasa ba. A gasar bara wani tela na nan garin da wani mahauci na Dawce suka shaƙe juna a kan haka, allo ya kife, ƴaƴa suka watse cikin yashi, ni da na shiga rabo na samu gwiwar hannu a haƙarƙari.

Shugaban ƙungiyar shi ne Mushe Sanusi, malamin lakwal, wato makarantar boko, su ne muke kira Mushe, mutumin kirki kuma gwani a allo. Shi ya haɗa ƴan dara a zaure guda cikin waya, wato gurup, na gida da na tafiya. Ya zo nan ya zauna inda kake zaune, ya ce, "Baba Habu, mun gaji da faɗa. Muna son doka ɗaya: ɗan da ka taɓa, shi za ka tafi da shi. Amma ba mu za mu yanke ba. Na saka sondaj a zaure, kowa ya zaɓa."

Na ce, "Me ye kuma sondaj?"

Ya nuna mini. Tambaya ce a rubuce, ƙarƙashinta layi biyu, na yarda da ban yarda ba. Ka danna wanda kake so, sunanka ya fito a ƙarƙashinsa, layin ya ƙara tsawo. Na riƙe wayar ina kallo. Da, in ana son jin bakin ƴan dara, sai a hau jaki ko keke a bi gari gari, a sha fura, a kwana, a dawo da magana rabi an manta. Wanda ya tafi ci-rani kuwa ba mai tambayarsa, sai dai ya dawo ya tarar. Yau ga mutum a Agadas, ga wani a Ikko, ga wani can cikin Libiya, duk an tara su a tafin hannuna ana tambayarsu lokaci guda. Na ce Allah mai iko, mun ga zamani.

Sai wani abu ya faɗo mini. Na ce, "Mushe, sake karanta mini dokar."

Ya karanta.

Na ce, "To Baba Isuhu fa? Shi da sai ya taɓa duka sannan yake gani?"

Mushe Sanusi ya cire tabarau ya goge. Ya ce, "Wallahi, Baba Habu, ban tuna ba. Ni in ina kallonsa mantawa nake yi ba ya gani." Ban ga laifinsa ba, don ni ma nakan manta.

Kwanaki suka wuce, layukan nan biyu ba wanda ya motsa. Mushe ya ɗauka matsalar rezo ce, wato sabis ɗin waya, ya goge ya sake sakawa, shiru. Ya bi mutane yana tambaya ko ba su gane yadda ake dannawa ba, kowa ya ce ya gane sarai. Wani yaro a Agadas ne kawai ya danna, kafin azahar ubansa ya kira shi daga Dawce ya wanke shi tas, ya ce ya cire hannunsa maza, wa ya haife shi da zai riga manya. Yaron ya cire. Nan Mushe ya dawo wurina yana dariya yana riƙe kai. Ya ce, "Ashe jiran babba suke yi! A cikin waya ma?"

Na ce, "Waya ce sabuwa, mutanen ai su ne na jiya."

Babban kuwa duk ƙasar nan Baba Isuhu ne. Muka hau moto, wato babur, ni da Mushe muka nufi Tsauni da hantsi. Muka tarar da shi a zaure, allon a gefensa, ya yi baƙi ƙirin don shan hannu. Bayan gaisuwa Mushe ya yi masa bayani tiryan-tiryan, bai ɓoye komai ba. Sannan ya ce, "Baba, ga gyaran da na yi tunani. Zan ƙara layi na uku: a yi dokar, amma ban da wanda ba ya gani."

Tsohon ya juyo da fuska wajen muryar. Ya ce, "Malamin lakwal, ka taɓa cinye ni?"

"Ban taɓa ba, Baba."

"To ranar da na sake cinye ka, sai ka koma gida ka ce ai shi an yi masa rangwame. Ni ba sadaka nake wasa ba. Doka in ta kowa ce a yi ta, in ba ta kowa ba ce a bar ta. Layi biyu ka rubuta, bar su biyu."

Na ce, "Baba, in ta wuce fa, ba ka da wurin zama a gasa."

Ya ce, "Na ji da kunnena, Habu, ba kurma ba ne ni. Dokar gaskiya ce. Wasan da ake ɗaga ɗa ana leƙen fuska ba dara ba ce, sata ce. Ni na ci rabona. In ta wuce ka aiko a ɗaukar maka allonka, don ba zan riƙa yi a zaure abin da aka hana a fili ba. Ina wayar?"

Rabe ya kawo wayar gidan, Mushe ya shigar da ita zauren ƴan dara da sunan Baba. Tsohon ya shafa fuskarta ya ce, "Kai, wannan abu sumul, ba gurbi ba tudu, yaya kuke gani a cikinsa?" Ya miƙa yatsa ya ce a ɗora masa a kan na yarda. Rabe ya dube ni, idonsa ya kawo ruwa. Uban ya ce, "Rabe, kar ka karkatar mini da hannu, zan sani." Ya ɗora masa, ya danna. Muka hau moto muka dawo Matameye.

Ni na ɗauka kafin mu iso gida layin ya cika, tunda babba ya yi magana. Ina! Sunan Baba Isuhu shi kaɗai a ƙarƙashin na yarda, ba wanda ya bi shi, ba wanda ya saɓa masa. Sai wayata ta fara ƙara. Tela ya kira, mahaucin Dawce ya kira, wani direba ya kira daga hanya, kowa gaisuwa kawai yake yi, ya ce yaya aiki, yaya iyali, ya kashe. Na gane abin da suke nufi. Tun da Allah ya yi wa sauran tsofaffin rasuwa, ni ne mai bi wa Baba. Ni ake jira.

Ban taɓa jin nauyi irin na kwanakin nan ba. Tun da nake ban taɓa cewa a'a a bayan maganar Baba Isuhu ba, kuma na san gaskiya ya faɗa, haƙarƙarina ma shaida ne. In na bi shi, kowa zai bi, allon ya dawo rumfar nan ya zauna a kan tarkace. In na saɓa masa, zai ce tausayinsa na ji, shi kuwa gara ka mare shi da ka tausaya masa. Na ɗauki aiki na ajiye, na ɓata ƙota biyu a banza.

Wata safiya na ce abin ya isa. Na ɗauko wayar da ɗana ya aiko mini, mai shafawa, na buɗe zauren. Na danna ban yarda ba, ta ƙi. Na sake dannawa, ta ƙi. Yatsuna sun yi kanta da gizago, wayar ba ta jin su sam. Na ce yau ga ikon Allah, icce yana jin hannuna, wannan ƴar abar ta raina ni. Sai da na juya ɗan ƙaramin yatsa na danna da gefensa, sannan sunana ya fito. Na kuma danna wurin magana na ce, "Jama'a, Habu ne. Na saɓa wa Baba, Allah ya yafe mini. Ni dai ban gama kallon hannun nan ba. Faɗan kuma ku ci gaba da yi, zan ci gaba da rabawa."

Ban ajiye wayar ba ta fara rawa a hannuna. Samari, abin da na gani ranar ban taɓa ganin irinsa ba. Sunaye suna faɗowa ɗaya bayan ɗaya, layin yana tsawo ina kallo, kamar ana zuba ruwa a kwalba. Tela, mahauci, yaron Agadas da ubansa, mutanen da na ɗauka sun mutu a tafiya, mutanen da ban ji sunansu ba tun suna yara. Masu aski da masu shayi suka bar aikinsu suka taru a rumfar nan muna kallo tare. Wasu ƴan kaɗan sun bi Baba, kuma ban ga laifinsu ba. Amma kafin la'asar ko makaho aka gaya wa tsawon layukan ya san inda magana ta tsaya. Ƙasa guda ta ƴan dara, daga nan har bakin teku, ta saɓa wa babbanta a yini ɗaya, kuma ba wanda ya haɗa baki da wani. Na zauna a kan gungumen can na yi ta tasbihi.

Sai saƙonnin murya suka biyo. A cikinsu akwai na wani Laminu, ɗan Dawce, magini ne a Libiya, ya daɗe bai zo gida ba. Ana jin iska tana kaɗa maganarsa. Ya ce, "Ku gaya wa Baba Isuhu ba don Allah na zaɓa ba, don kaina na zaɓa. Ya cinye ni a gaban surukina ana dariya, tun ranar nake zana dara a yashi ina shirya masa. Wallahi ba mai fitar mini da shi daga fili sai na dawo na rama."

Washegari Rabe ya kira ni. Ya ce tsohon ya ji sakamako, ya ce a fitar masa da wayar daga zauren ƴan dara, bai ƙara magana da kowa ba. Na ce, "Ka sa masa muryoyin?" Ya ce ya ƙi saurara. Na ce, "Sa masa na Laminu, ko daga bakin ƙofa ne." Daga nan ban sake jin komai daga Tsauni ba.

Ranar kasuwa ƴan dara suka cika gindin bedin can, wato dogonyaro, tun hantsi, amma ba wanda ya zuba ɗa. Kowa ido a hanya. Rana ta take, wasu suka fara cewa ba zai zo ba, mun ɓata masa rai, mun yi asarar dokar mun yi asarar tsohon. Ni ko goro na kasa ci. Sai bayan azahar muka hango amalanke. Rabe ya sauko da shi, allon a hammatarsa. Ban sani ba ko wasa ya zo yi ko mayar mini da kayana ya zo yi.

Aka shimfiɗa masa tabarma. Ya zauna, bai amsa gaisuwar kowa da kyau ba. Ya ce, "Wa ya fara saɓa mini?"

Na ce, "Ni ne, Baba."

"Na sani. So nake in ji ko za ka faɗa. Zauna."

Na zauna a gabansa. Ya ajiye allon a tsakaninmu, ya kwance jakar ƴaƴan ya zazzage. Muka zuba, muka fara tafiya. Da na tafi da ɗana na farko, sai ya ɗaga hannu biyu ya tsaya da su a sama, bai sauke ba. Sannan ya sauke su a kan allon ya shafa, daga wannan gefe zuwa wancan. Wani a bayana ya ce Allahu akbar, na ji mahaucin Dawce yana jan hanci.

Bai raga mini ba ko kaɗan. Ya cinye ni cin wulaƙanci, irin wanda ake yi wa yaro, mutane suna ihu suna tafi, ni kuwa ban taɓa jin daɗin a cinye ni irin na ranar ba. Da ya ɗauke ɗana na ƙarshe sai ya ce, "Ina malamin lakwal?"

Mushe Sanusi ya matso ya durƙusa. "Ga ni, Baba."

"Danna mini wurin maganar nan."

Mushe ya danna, ya kai masa wayar bakinsa. Tsohon ya gyara murya.

"Laminu, Isuhu ne na Tsauni. Na ji saƙonka. Ina nan, allo yana nan. Amma ka yi sauri, yaro, ni ba zan iya jiranka da yawa ba."